Bakana yana ƙara, yana kuma girgiza mini hannu

"Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na sayi baka na zamani, irin wanda ake harhaɗawa gida uku, mariƙinsa na ƙarfe, tsawonsa inci 68, ƙarfin jansa laba 32. A bayan gidanmu nake koyon harbi, ina auna buhun da na cika da tsumma. Duk lokacin da na saki kibiya sai bakan ya yi wata ƙara fau, kamar an bugi ƙofar langa-langa, hannuna na hagu kuma ya ɗauki girgiza har gwiwar hannu. In na yi harbi talatin sai hannun ya yi tsami. Kibiyoyina na kabon ne, ba su da nauyi. Na ga ana tallar wasu robobi da ake maƙalawa don kashe ƙara. In saya, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu ke damunka, ƙarar da kunne ke ji da girgizar da hannu ke sha, kana kuma son sanin ko kuɗin roba zai raba ka da su. Ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna. Robobin suna da amfani, ni ma akwai su a jikin bakana, amma su ne na ƙarshe a layi. Ƙarar da girgizar uwarsu ɗaya, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Inda ƙarar take fitowa

Idan ka ja tsirkiya, ƙarfin kafaɗarka kake zubawa cikin rassan bakan nan biyu, suna ajiye maka shi. Da ka saki, rassan za su mayar da abin da ka ba su ajiya. A baka mai kyau, wajen kashi uku cikin huɗu na wannan ƙarfin kibiya ce ke tafiya da shi. Ragowar ba ta da inda za ta, sai ta tsaya a jikin bakan: tsirkiya ta yi ta kaɗawa, rassa su yi rawa, mariƙi ya ɗauka ya miƙa wa tafin hannunka. Abin da kunnenka ya ji fau, da abin da gwiwar hannunka ta ji zirr, duk wannan ragowar ce. Shi ya sa ake hana sakin tsirkiya babu kibiya a kai. A lokacin dukan ƙarfin a bakan yake ƙarewa, kuma sau ɗaya ya isa ya tsaga reshe ko ya tsinka tsirkiya a fuskar mutum.

To aikinmu kashi biyu ne. A fara rage ragowar da ke tsayawa a bakan, sannan ɗan abin da ya saura a nemo abin da zai shanye shi. Mai saka roba kafin ya yi na farkon kamar mai toshe kunne ne don kada ya ji kukan injin da ba mai a cikinsa.

Kai da kake auna buhu, ribarka a nan ita ce lafiyar hannu da tsawon ran bakan, da zaman lafiya da maƙwabta. Maharbi kuwa abincinsa ne a ciki. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kibiyar baka irin naka kuwa ba ta wuce mita 50 zuwa 60. A tazarar mita 20, ƙarar ta riga ta isa kunnen gada ko barewa tun kibiyar ba ta ci rubu'in hanya ba, sai dabbar ta durƙusa za ta zabura, kibiya ta bi ta saman bayanta. Ko baka mai faifai, wato irin mai faya-fayai a kawunansa da tsirkiya ke zagayawa, da ke jefa kibiya wajen mita 90 a daƙiƙa, bai kama ƙafar sauti ba.

Ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo

Ɗana bakan, ka riƙe shi da yatsu biyu, ka riƙa bubbuga mariƙin da gefen tafin hannunka kana saurare. Baka lafiyayye dim yake yi, ya yi shiru. In ka ji wani ɗan kacau ko zizz yana biyo baya, wani abu ya kwance. Ɗauki alanki ka bi sukurori ɗaya bayan ɗaya: manyan da ke riƙe rassa, ƙananan da ke kulle su, na saiti, wato abin da ake auna wurin harbi da shi, in kana da shi, na ɗan matashin da kibiya ke kwanciya a kai. Ni kaina na taɓa yin mako biyu ina zargin sabuwar tsirkiya, na kwance ta na ɗaura ya fi sau biyar, ashe wata 'yar wosha ce da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba take rawa a bayan saiti. Rabin juyi na alanki ya kashe maganar. Tun daga ranar ba na taɓa tsirkiya sai na gama da sukurori.

Ka kuma tabbatar ba ka juya rassan ba. Na sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne, akwai rubutu a jikinsu, kuma sabon shiga yakan musanya su bai sani ba. Haka tsirkiya, babban zobenta sama yake zuwa.

Tazarar tsirkiya

A nan nake so ka fi daɗewa, domin a cikin bakunan da ake kawo mini da kukan ƙara, wannan ce ta fi yawan zama sanadi. Abin da nake nufi shi ne nisan da ke tsakanin tsirkiya da wurin da mariƙi ya fi zurfi, inda tsakanin babban yatsa da manuni ke zama, idan baka na ɗane ba a ja shi ba. Ga baka mai lanƙwasassun kawuna na inci 68, wannan tazara tana faɗawa tsakanin santimita 21 da 24. Takardar da ta zo da bakan takan faɗi iyakar da maƙerinsa ya yarda da ita, in tana nan ita za ka bi.

In tazarar ta yi ƙasa, tsirkiya takan wuce gaba fiye da kima bayan kibiya ta tashi, ta mari rassa a wurin lanƙwasar, wani lokaci ta mari tsintsiyar hannunka. Wannan marin shi ne fau ɗin ƙofar langa-langa. Kuma sabuwar tsirkiya tana miƙewa. Ka ce wata uku kake harbi, in ba ka taɓa aunawa ba, ina kyautata zaton tazarar ta sauka ba ka sani ba.

Gyaran murɗawa ne kawai. Sauke tsirkiyar da igiyar ɗana baka, kada ka taka shi da ƙafa kana tanƙwarawa don haka ne ake murɗe reshe. Cire zoben ƙasa, ka ƙara mata murɗi uku ko huɗu ta ɓangaren da take murɗe tun asali. Murɗi yana gajarta ta, tazara ta hau. Mayar, auna da rula, rubuta a takarda, harba kibiya shida, saurara. Sake ƙara uku ko huɗu. Ka fara daga 21 ka yi ta hawa. Za ka ji ƙarar tana sauya murya, daga fau zuwa ɓam, har ka iso wani wuri da bakan zai yi dim a taƙaice, hannu kuma ya ji sanyi. In ka wuce wurin, sau da yawa ƙarar takan fara dawowa, kibiya kuma ta rage gudu. Koma inda ya fi shiru, ka rubuta lambar a jikin jakar bakan, ka riƙa aunawa duk ranar da ka ɗana.

Wata dabara: mai harbi ba ya jin bakansa yadda yake, saboda tsirkiyar a gefen kunnensa take. Sa ƙaninka ya tsaya taku biyar a gefe, ya juya baya, ya riƙa gaya maka wanne ya fi shiru. Ko ka ajiye waya a wuri ɗaya tana naɗar sauti, ka riƙa faɗin lambar kafin kowane harbi.

Tunda rula na hannunka, auna wani abu. Daga inda reshen sama ya shiga mariƙi zuwa tsirkiya, sannan daga inda na ƙasa ya shiga zuwa tsirkiya. Ga mai sa yatsa ɗaya a saman kibiya biyu a ƙasa, na sama yakan fi na ƙasa da milimita 3 zuwa 6. Ga mai sa duka ukun a ƙasa, akan kusantar da su su zo daidai. In bambancin ya yi yawa, reshe ɗaya na riga ɗan'uwansa isowa, bakan ya yi tsalle a hannu. In mariƙinka irin mai sukurin daidaitawa ne, rubu'in juyi kake yi ka gwada, kuma kada ka kwance sukurin ya wuce iyakar da takarda ta faɗa.

Nauyin kibiya

Ka ce kibiyoyinka ba su da nauyi, kuma na san dalilin da ya sa aka sayar maka da su: mai sauƙi ta fi gudu, gudu kuma yana burge sabon maharbi. Garin neman ƙiba ake samo rama. Kibiya mai sauƙi takan bar tsirkiya tun ba ta kwashi rabonta na ƙarfin ba, abin da ta bari kuwa hannunka ne zai biya.

Masu wannan harka suna auna kibiya da wani ɗan ma'auni da ake kira giren, wanda 15 da ɗoriya suke yin giram ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a sauka ƙasa da giren 5 ga kowace laba ta ƙarfin ja ko a baka mai faifai, masu bakan itace da masu son shiru kuwa sukan tsaya tsakanin 8 da 10. A laba 32, wannan ya kama giren 256 zuwa 320, wato giram 17 zuwa 21 a taƙaice. Kai kibiya ɗaya wurin masu sayar da zinariya su ɗora maka a ɗan sikelinsu. In ka ga giram 13 ko 14, ka samo rabin amsar tambayarka. 'Yan wasan Olamfik da ke harbi a mita 70 suna amfani da siraran kibiyoyi don kada iska ta kwashe su, amma dubi bakunansu, sanduna da nauyi da robobi ne ko'ina, su ke shanye abin da kibiyar ta bari. Kai a mita 15 ko 20 ba ka bukatar wannan gudun.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen kibiyar alminiyom ko kabon mai kauri. Ana iya ƙara nauyin ƙarfen baki, sai dai a kula, ƙarin nauyi a gaba yana sa jikin kibiya ya ƙara lanƙwasa lokacin tashi. Kibiyar da taurinta bai dace da bakan ba, ta yi tauri ko ta yi laushi, takan bugi mariƙi da gindinta wajen fita, ka ji wani ƙwas daban da kukan tsirkiya. In kana zargin haka, shafa jan baki a gefen gashin kibiyar ka harba. In ya bar shaida a mariƙi, akwai taɓawa. Wani lokaci ɗaga wurin ɗana kibiya a jikin tsirkiya da milimita biyu ko uku ya isa, wani lokaci sai an sauya kibiyoyin.

Sai tsagar gindin kibiya. Ɗana ta, ka juya bakan kibiyar na kallon ƙasa. Ya kamata ta rataye ba ta faɗi ba, amma in ka ɗan ɗalli tsirkiyar da yatsa ta saki. In sai ka fizge ta da ƙarfi, tsagar ta matse, kuma kowane harbi fizgar tsirkiyar take yi kamar mai kaɗa gurmi.

Hannunka

Wannan ba kowa ke son ji ba. Girgizar da ke kaiwa gwiwar hannu, sau da yawa mai bakan ne ya buɗe mata hanya. Wanda ya damƙe mariƙi kamar ƙotar fartanya ya mayar da ƙashin hannunsa wani ɓangare na bakan, duk rawar da bakan ya yi sai ta bi ta ciki. Mariƙi a kan tsokar gindin babban yatsa yake zama, gaɓoɓin yatsu su karkace gefe, yatsun su saki jiki. Jan da kake yi wa tsirkiya shi ke manne bakan a hannunka. Tsoron kada ya faɗi ne ke sa mutum damƙa, maganinsa kuwa igiyar takalmi: ɗaura ta daga babban yatsa, ta zagaya gaban mariƙi, zuwa yatsan tsakiya. Wani yaro da nake koya wa ya zo yana kukan gwiwar hannu irin naka. Ban taɓa bakansa ba, igiyar nan kawai na ɗaura masa na ce ya bar bakan ya faɗa gaba bayan harbi. Kibiya uku na farko ya riƙa cafkewa don tsoro, a ta huɗu ya bari, ya juyo yana dubana kamar na yi masa siddabaru.

Hannun dama ma yana da laifinsa. In kana buɗe yatsu kana fizgar tsirkiya gefe, ta tashi tana lilo hagu da dama, ƙara ta ƙaru. Yatsu sakin jiki suke yi, tsirkiya ta ture su ta wuce, hannun ya zame baya ta gefen wuya.

Yanzu sai maganar robobi

In ka gama duk wannan, abin da ya saura shi ne ɗan zuuu na tsirkiya da ɗan rawar rassa. Mai gurmi in yana so ya kashe amon tsirkiyarsa yatsa yake ɗorawa. Tuntun da ake ɗaura wa tsirkiyar baka aikin wannan yatsan yake yi. A Amurka maharba na amfani da zaren ulu, ko fatar dabbar ruwa mai gashi, ko siraran zaren roba. Ba sai ka yi odar komai ba. Zaren ulu na masu saƙa hular sanyi ya wadatar: naɗa shi sau ashirin a yatsu uku, sauke tsirkiyar, raba zarurukanta biyu, cusa damin a tsakiya, ɗana bakan, ka yanke madaukan da almakashi. Bayan harbi kaɗan zai buɗe ya zama tuntu. Tsohon tib na keke da aka yanka siri-siri shi ma yana yi, kuma ruwa ba ya dame shi.

Wurin sawa yana da muhimmanci. A tsakiyar tsirkiya kaɗawa ta fi yawa, amma nauyi a can ya fi cin gudun kibiya. Kusa da kai kuwa ba abin da zai kashe. Auna daga inda tsirkiya ta rabu da reshen sama zuwa inda ta rabu da na ƙasa, ka sa tuntu ɗaya a rubu'in wannan tsawon daga kowane ɓangare. Saurara, sannan ka gwada matsar da su zuwa sulusi. Kowane baka da inda ya fi so. Inda tsirkiya ke kwanciya a kan lanƙwasar reshe kuma, manna ɗan ƙyalle mai laushi ko siririyar fata, ko ka naɗe tsirkiyar da ulu tsawon yatsa. Wannan ke kashe marin.

Irin zaren tsirkiyar ma yana magana. Dacron yana ɗan miƙewa, saboda haka muryarsa ta fi taushi, ya fi kuma tausaya wa rassa. Zaren Dyneema da danginsa ba sa miƙewa sosai, sun fi gudu, sun fi kaifin murya, kuma ba a sa su a tsohon baka ko na itacen da ba a ƙarfafa kawunansa ba. Kowanne kake da shi, ka riƙa shafa masa kaki, musamman da hunturu lokacin da yake bushewa yana tashin gashi. Kakin zuma yana yi.

Robobin da ka gani ana mannawa a cikin rassa, irin su LimbSaver, suna rage rawar reshe da gaske. Haka sandar da ake ɗaurawa a gaban mariƙi mai roba da nauyi a bakinta. Ko nauyi kawai ka ƙara wa mariƙi, girgiza za ta ragu, don abu mai nauyi ya fi wuyar kaɗawa. In da sauran kuɗi bayan kibiyoyi, gajeriyar sanda mai roba zan fara saya. Amma in kana da niyyar shiga gasa, ka tambayi dokar rukuninka kafin ka saba da wani abu. A rukunin baka tsirara, wato wanda ba a sa masa saiti, na hukumar harbin baka ta duniya, World Archery, misali, dole bakan da duk abin da ke jikinsa ya wuce ta cikin zobe mai faɗin santimita 12.2 idan an sauke tsirkiya, don haka doguwar sanda ba ta shiga.

Ga masu wasu irin bakuna

Na san masu bakan gargajiya za su karanta wannan. Bakan itace mai tsirkiyar fata da kibiyar kyauro ba shi da sukurin da zai kwance, kuma ƙarfen bakin kibiyar yana ba ta nauyi, shi ya sa sau da yawa ya fi na zamani shiru. Nasa ciwon biyu ne. Da damina fata na shan danshi ta saki, tazara ta sauka, tsirkiya ta fara dukan hannu, sai an ƙara ɗaure ta. Na biyu, in kawunan bakan sun yi kauri, nauyinsu ne ke dukan hannu idan sun dawo. Mai sassaƙa yakan kankare su kaɗan-kaɗan ta gefe, ba ta bayan bakan ba, domin in aka yanke jijiyar itacen ta baya a nan zai karye.

Baka mai faifai, wanda Holless Wilbur Allen ya samu rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1969, yana da ƙarin wurin duba: faya-fayan biyu su riƙa juyawa tare, sandar roba mai tare tsirkiya kuma ta zauna daf da ita. Sukurori da nauyin kibiya mai shi zai iya dubawa. Abin da ya shafi igiyoyi da faya-fayai kuwa sai da injin matse baka, kada a gwada shi a tsakar gida.

Ban riƙe bakanka ba, ban kuma ji muryarsa ba, don haka jerin da na ba ka na abin da ya fi faruwa ne, kuma ba bakan da zai yi shiru ɗungum. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ko an dace ba za ka san me ya yi aiki ba. Akwai kuma ƙarar da ba ta gyara ba ce. In baka yana shiru sai rana ɗaya ya sauya murya, ko ka ji ƙas lokacin ja, tsaya nan take. Sauke shi, ka bi rassan da ɗan auduga, in akwai tsaga za ta kama zaren. Kowace kibiyar kabon kuma ka ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne, wadda ta yi ƙara karya ta ka jefar, don in ta fashe wajen harbi a hannun hagunka za ta ƙare. Zafi na narkar da gam ɗin da ya haɗa rassa, saboda haka kada ka bar bakan a but ɗin mota da rana, ko jingine a ɗakin kwano a watan Afrilu.

In ka auna, turo mini lambobi uku: tazarar tsirkiyar yadda ka same ta, nauyin kibiya ɗaya a giram, da lambar taurin da ke rubuce a jikinta. Da su zan iya gaya maka ko murɗi kawai kake bukata ko sai ka sauya kibiyoyi.